Hoton da ke Ɗakin Kakata

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Ni ma da wannan na tashi, ban kuwa taɓa yin gardama da shi ba sai bara, sa'ad da wani tsohon hoto ya nuna mini cewa mutum yana iya yin shekara ashirin yana kallon abu safe da yamma, alhali kuwa bai gan shi ba.

Hoton nan yana rataye ne a ɗakin kakata, a gidanmu na Sharaɗa, daidai bisa jeren kwanukanta na aure waɗanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Baƙi da fari ne, ko da yake yanzu farin ya koma ruwan ƙasa, gilashinsa kuma ya tsage ta kusurwa ɗaya tun kafin a haife ni. A cikinsa akwai kan jirgin ƙasa irin na da, mai tafiya da kwal da ruwa, ga kuma mutum uku tsaye a gefensa. Na tsakiya dogo ne kakkaura, da hula mai baki, ya ɗan ɗaga haɓa. Na hagu shi ne kakana, mahaifin babana, wanda Allah ya yi wa rasuwa ina da shekara biyu a duniya. Na dama kuwa wani saurayi ne siriri, ko takalmi babu a ƙafarsa.

Labarin hoton duk gidanmu ba wanda bai haddace shi ba, domin Baffana ba ya gajiya da bayar da shi, musamman ran Salla in an taru an ci an sha. Cewa yake yi kakanmu direban jirgi ne, kuma a tashar Kano aka ɗauki hoton, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, watau 1956. Wani lokaci ma, in hira ta yi daɗi, sai ya ƙara da cewa Turawa da kansu sukan tsaya su gaishe shi. Kakata tana zaune tana ji, ba ta cewa i, ba ta cewa a'a, sai dai ta ci gaba da ɓare goronta. Ni kuwa da wannan labari na yi ta yi wa yara fankama a firamare. Duk wanda ya ce ubansa yana da babur, sai in ce kakana jirgi yake ja, magana ta ƙare.

Ya kamata mai karatu ya san cewa mu 'yan Sharaɗa da dogo muka tashi. Hanyar da ta fito daga tashar Kano ta nufi Calawa da Madobi har Zariya, ta gefenmu ta ratsa. Amma sa'ad da muke ƙanana ba mu ɗauke ta hanyar jirgi ba. Wurin wasa ce, da wurin yanke hanya zuwa makarantar allo, da wurin da awaki suke kwanciya. Sai a watan Disamba na 2012, da aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano bayan ya daɗe ba ya zuwa, muka ruga muka tsaya muna ɗaga masa hannu kamar ƙauyawa. Na tuna ranar na dawo gida na dubi hoton nan, na ce wa kakata wannan jirgin da na gani bai yi kama da na ɗakinta ba, ba shi da bututun hayaƙi. Ta ce, "Wannan na mai ne, Maigida. Namu na wuta ne." Ban sake tambaya ba.

Abin da ya komo da ni ga hoton aikin aji ne. Malaminmu na nazarin harshe ya ce kowa ya zaɓi sana'a ɗaya ya tattaro kalmominta, na asali da na aro. 'Yan ajinmu suka yi ta rububin ƙira da jima da rini, ni kuwa na ce ai jikan direba ba ya rasa abin rubutawa, na zaɓi reluwe. Na zauna na lissafa abin da na sani: tasha, tarago, tikiti, sigina, loko, lebura, heluma, diga, shebur, kwal. Daga nan sai alƙalami ya tsaya cak. Kalma goma ke nan, gadon jikan direba! Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a zangon da ya wuce mun karanta Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, mun yayyanka ta, mun auna karinta, na ci jarrabawa a kanta, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa aikin digar da ake magana a kai shi ne ya haifi ƙarfen da nake tsallakewa kullum in zan je sayen ƙosai.

Wani malami a sashen Tarihi, Allah ya saka masa da alheri, ya ara mini littafin Francis Jaekel na tarihin reluwen Nijeriya, juzu'i uku, wanda aka buga a Ibadan a 1997. A nan na fara sanin kan zance. Dogon da ya zo Kano ba daga Ikko ya taso ba, daga Baro ya taso, a bakin kogin Kwara, tafiyar mil 356. An yanke shawarar gina shi a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A Minna ya haɗu da wanda ya taso daga Ikko, amma a Jebba sai an ɗora taragu bisa jirgin ruwa an ƙetare da su, har aka gama gada a 1916. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, manoman Kano kuwa suka duba inda riba take, suka shuka gyaɗa. Daga baya aka miƙa reshe daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita a hotuna, wani ɓangare na dalilinta shi ne gyaɗar ta fi ƙarfin taragun da za su ɗauke ta, dole ta zauna jiran jirgi.

Amma abin da ya fi kama hankalina ba shekarun ba ne. Na gane cewa ashe kan jirgi ma yana da dangi da asali kamar mutum, kuma akwai hanyar gane shi. Masu wannan sha'awa, waɗanda yawancinsu Turawa ne, in suka sami tsohon hoto, ƙafafun jirgin suke fara ƙirgawa. Ƙafafun iri uku ne: ƙanana a gaba masu shiryar da shi a kwana, manya a tsakiya waɗanda aka haɗa da sandar ƙarfe, su ne masu ja, sa'an nan wasu ƙanana a baya masu ɗauke da nauyin murhu. In ka ƙirga na gefe ɗaya sai ka ninka. Bayan wannan sai su dubi siffar tukunya da bututun hayaƙi, da taragon da ke biye mai ɗauke da kwal da ruwa, da lamba, da suna in akwai. Akwai wani iri da ba ya ɓoyuwa ko ga baƙo, shi ne Garratt, na kamfanin Beyer Peacock da ke Mancesta, wanda aka kawo Nijeriya a shekarun 1930. Shi tukunyarsa a tsakiya take, rataye tsakanin inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Faɗin dogon kansa ma shaida ne. Tsohuwar hanyarmu ƙafa uku da inci shida ce, sabuwa irin ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, wata 'yar siririya kuma da ta tashi daga Zariya ta hau Jos ƙafa biyu da rabi ce kacal, an rufe ta a 1957. Saboda haka duk hoton da ka ga jirgi yana tafiya bisa wannan 'yar siririya, ka san bai wuce wannan shekara ba.

Da na je gida ƙarshen mako sai na roƙi kakata ta bar ni in sauke hoton. Ta ce in na fasa shi sai na biya ta sadaki sabo. Na fitar da shi tsakar gida inda haske yake, na ɗauke shi da waya, na yi ta ƙara masa girma har ya fara dushewa. Na ƙirga ƙafafu: ƙarama ɗaya, manya huɗu, ƙarama ɗaya. Biyu, takwas, biyu ke nan. Sa'an nan a jikin tukunyar, daidai saitin kafaɗar kakana, na ga wani ɗan allo na ƙarfe wanda tun ina yaro nake ɗaukarsa tabo ne a hoton. Rubutu ne. Haruffa biyar sun fito, RIVER, watau kogi, sauran kuwa kafaɗarsa ta rufe. Sai da tsikar jikina ta tashi. Wannan dangin jirage ne da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, kamfanin Vulcan Foundry yana cikin waɗanda suka ƙera su, kowane ɗaya kuma an raɗa masa sunan wani kogi. Haka nan a jikin taragon farko na hango haruffa uku, NRC, alamar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda ba a kafa ta ba sai 1955.

To, har nan labarin Baffa bai karye ba. Jirgin ya girmi 1956, haruffan kuma ba su hana ba. Na yi murna, har na fara rubuta gabatarwar aikina da cewa bincike ya tabbatar da abin da aka gada a baki. Da na tsaya nan, da yanzu ina nan da fankamata.

Babana ne ya ce in ina son kalmomin reluwe in daina wahalar da kaina da littafi, in je wurin wani dattijo da ke zama a dakalin masallacin bayan layinmu. Na san shi tun ina yaro, amma abin da na sani game da shi bai wuce cewa yana korarmu in muna ƙwallo lokacin salla ba. Ashe ya yi shekara talatin da wani abu a reluwe, ya fara daga goge inji a loko. Na same shi bayan La'asar, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko jikan wane ne ni. Ya ce ya sani. Na miƙa masa waya, ya ture ta, ya ce shi ba ya gani a wannan abin, in kawo masa takardar. Dole na koma na sake lallashin kakata.

Ya riƙe hoton nesa da fuskarsa, ya daɗe bai ce komai ba. Ni ina jira ya ƙirga ƙafafu, shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Can ya ce, "Wa ya ce maka nan Kano ce?"

Na ce, "Baba, haka muka taso muka ji."

Ya ce, "Yaro, ka taɓa shiga tashar Kano kuwa? Ina dakalin fasinja? Ina rumfa? Ina layukan da ke jere kamar kunyoyin gona? Nan layi biyu ne kawai, ga daji, ga kuka." Ya sa farce a kan wani abu mai kama da rumbu bisa ƙafafun ƙarfe, ya ce tankin ruwa ne. Ya sake matsar da farcen can gefe, inda ni nake ganin hazo kawai, ya ce in duba da kyau, ƙarafan gada ne. "Calawa ce. Na tsaya a nan ya fi sau ɗari."

Daga nan ya shiga karanta mini hoton kamar mai karanta wasiƙa. Taragun da ke baya na kaya ne, buɗaɗɗu, an lulluɓe su da tamfol ya yi tozo, saboda haka cike suke. Ba na shanu ba ne, domin na shanu suna da tsaga-tsaga a jiki don iska. Gyaɗa ce, in ji shi, jirgin kuma kudu ya nufa, domin gyaɗa da fata da shanu su ke gangarawa, gishiri da kananzir da siminti da goro su ke hawowa. Sararin sama ya yi fari fat, ciyawa ta bushe, ga saurayin nan na dama ya ƙudundune kafaɗa: hunturu ne, bayan kaka. Duk wannan ba ko ɗaya a cikin juzu'i ukun da na kwana ina karantawa.

Sa'an nan ya zo kan mutanen. Ya ce in dubi hannun na tsakiya. Na duba, yana riƙe da wata 'yar buta mai dogon baki. Ya ce butar mai ce, direba ba ya rabuwa da ita, duk inda aka tsaya sai ya zagaya ya ɗiga wa gaɓoɓin inji mai. Na dama mai goge inji ne ko ɗan aike. "Kakanka kuwa, dubi abin da ya dogara a kai." Wallahi shekara ashirin ina ɗauka sanda ce. Shebur ne, bakinsa yana ƙasa, ciyawa ta ɗan rufe shi. Ga kuma tsumma ɗaure a wuyansa. Dattijon ya ce, "Mai zuba kwal ne. Na san shi. Bai taɓa zama direba ba, Allah ya ji ƙansa."

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, raina ya ɓaci. Na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Ina tsammani ya ga haka a fuskata, domin sai ya gyara zama ya ce in saurara. Ya ce direba yana riƙe da linzami ne kawai, amma ƙarfin jirgi a hannun mai shebur yake. Shi zai tsaya a gaban murhu, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsa, ya ɗebo kwal daga baya ya juyo ya watsa, ba kuwa watsawar hauka ba, sai ya shimfiɗa shi daidai ko'ina, kusurwa da tsakiya, domin in wuri ɗaya ya yi tudu wuta ta shaƙe, in wani wuri ya yi rami iska mai sanyi ta shiga, tururi ya faɗi. Idonsa ɗaya yana kan wuta, ɗaya yana kan gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya, domin in ruwa ya yi ƙasa har saman murhu ya bushe, to, ana iya rasa jirgin da mutanen da ke cikinsa. Dole kuma ya san hanya kamar tafin hannunsa, ya san inda hawa yake tun kafin a kai, ya tayar da wuta tun da nisa. "Ka yi wannan a watan bazara," in ji shi, "daga nan har Zariya, kana azumi, sa'an nan ka zo ka gaya mini wane ne babba."

Na tambaye shi me ya hana kakana hawa, tun da ya ce daga goge inji ake zama mai zuba kwal, daga nan a zama direba. Ya ce abu biyu ne. Na farko jarrabawa, wadda ake yi da Turanci, kakana kuwa allo ya yi, bai yi boko ba, shi ya sa ma a wancan zamani yawancin direbobi da akawuna da masu sigina mutanen Kudu ne. Na biyu kuma jirgin mai. Tun 1955 aka kawo na farko, guda goma, ƙirar kamfanin English Electric, wasu kuma suka biyo baya daga Amurka. Jirgin mai ba ya shan ruwa a kowace tasha, ba ya jiran kwal daga Inugu, ba ya kuma bukatar mai shebur. Na wuta sun ci gaba da aiki har cikin shekarun 1970, amma kowa ya san inda aka dosa. Kakana ya ƙare aikinsa a loko. Da ya bari, lokacin gyaɗar ma ta tafi, fari da cutar da ta kama ta a tsakiyar shekarun 1970 sun gama da dala, sai ya sami aikin gadi a wata masana'anta a nan Sharaɗa, sa'ad da unguwar masana'antu take tashe, ana aiki dare da rana. Da kuɗin sallamarsa na reluwe ya sayi filin da muke ciki. Ashe dalilin zamanmu 'yan Sharaɗa ke nan, ban taɓa tambaya ba. Masana'antar kuwa ta daɗe da rufewa, kamar da yawa daga cikin 'yan'uwanta a nan da Bompai.

Ranar Asabar na hau babur ɗin abokina muka nufi Calawa ta Fanshekara, da nufin in tsaya daidai inda mai hoton ya tsaya. Ban iya ba. Katangun masana'antu da sababbin gidaje sun canja fuskar wurin, warin majema ya cika iska, kukar ma ban san wadda zan ce ita ce ba. Na dai bi dogon da ƙafa, na ga kogin, na ga inda jirgi yake ƙetare shi, na ɗaga hoton da ke wayata na gwada nan na gwada can kamar mai neman alƙibla. Wasu yara suka biyo ni suna tambaya ko ni ma'aikacin sabon jirgi ne, irin wanda aka aza harsashin hanyarsa zuwa Kaduna da Maraɗi a 2021. Na ce a'a, kakana nake nema. Suka dube ni, suka dubi juna.

A hanyar dawowa ne wani abu ya tsaya mini a rai, wanda shi ne ma dalilin wannan rubutu. A yawancin tsofaffin hotunan reluwenmu da na gani a littattafai, za ka tarar an rubuta lambar jirgi, da kamfanin da ya ƙera shi, da shekarar da ya sauka a Ikko, wani lokaci har da nauyinsa. Mutanen da ke tsaye a gefensa kuwa ba suna, kamar an ajiye su ne don a gane tsayin jirgin. Mu kuma a gidajenmu muna da sunayen mutanen, mun san 'ya'yansu da jikokinsu, amma jirgin da wurin da shekarar duk mun bar su sun narke, har mai shebur ya zama direba, Calawa ta zama Kano. Rabin labarin yana Ingila da ɗakin tarihin reluwe na gidan Jaekel a Ebute Metta, rabin yana bisa dakalin masallaci a Sharaɗa, yana da shekara kusan casa'in, idonsa kuma yana raguwa. Mu ɗaliban Hausa da muke yawon neman tatsuniya da waƙar daɓe a ƙauyuka, abin kirki muke yi, amma ga wani adabin baka nan a bayan gidajenmu ba mai ɗauka. A zama uku da na yi da dattijon nan na cika shafi goma sha ɗaya.

Da na gaya wa Baffa abin da na samo bai ji daɗi ba. Ya ce wannan tsohon ya rikice, kuma ba a aike ni jami'a don in zo in rage wa ubansa daraja ba. Na yi shiru, domin ba a musu da Baffa, kuma na fahimce shi. Shi ya ga mahaifinsa da kakin gadi a ƙofar masana'anta, yana buɗe wa yaran da ya haifa ƙofa suna wucewa a mota. In ya ɗora shi a kujerar direba, ba don ya cuci kowa ba ne. Har yanzu ran Salla yana bayar da labarinsa yadda ya saba, sai dai in ya zo wurin Sarauniya yakan ɗan dube ni.

Saura shekarar. Wannan kuwa ba littafi ba dattijo, a ɗakin da hoton yake amsar take. Da dare na mayar wa kakata da shi, na zauna bakin gadonta ina ta kewaye-kewaye, don ina tsoron kada in ɓata mata rai. Na ce, "Kaka, an ce wai Malam ba direba ba ne."

Ta yi dariya har tana tari. Ta ce, "Wa ya ce maka direba ne? Ni na taɓa gaya maka? Ni da na yi shekara da shekaru ina wanke rigunan nan, ruwa uku ba ya fitar da baƙin!"

Na ce to me ya sa ba ta taɓa gyara wa Baffa ba. Ta ce yaro yana yabon ubansa, ita ce za ta hana shi? Sa'an nan ta karɓi hoton ta goge gilashin da bakin zanenta. Ta ce zancen Sarauniya babu shi, lokacin Malam bai ma shiga reluwe ba, yana garinsu yana noma. An ɗauki hoton ne da sanyi, shekara guda kafin a sauke tutar Turawa, watau 1959, kuma saboda ita aka ɗauka. Yana neman aurenta, iyayenta suna jan ƙafa, wai ba su san sana'arsa ba. Direban nan na tsakiya, mutumin Gabas ne, shi ya samo mai hoto, shi ya biya, ya ce a kai wa surukai su ga irin dodon da ɗansu yake ciyarwa. Kakana ya so ya ajiye shebur ɗin, direban ya hana shi.

Ta ce bayan an yi auren matar direban takan zo daga Sabon Gari ta kawo mata manja da garin rogo, ita kuma ta ba ta daddawa da kuka. Shekara bakwai suna tare a jirgi ɗaya, shi da Malam. Da rikicin 1966 ya tashi, Malam ne ya ɗaukar masa akwati a ka har tasha, ya ga shigarsu tarago shi da matar da 'ya'ya huɗu, mutumin da ya saba zama a gaba. Ya ce zai rubuto wasiƙa. Aka yi yaƙi aka gama, wasiƙa ba ta zo ba. Ta ce Malam bai cika maganarsa ba, amma duk gidan da suka koma, hoton nan yake fara kafa wa ƙusa.

Na ciro hoton daga firam ɗinsa a hankali, na juya bayansa, ba komai sai tabon damshi. Na ɗauko fensir na rubuta: Calawa, hunturun 1959, jirgin gyaɗa mai zuwa kudu. Na rubuta sunan kakana da kaina, tun da ita har gobe ba ta faɗinsa, na sa mai zuba kwal a gabansa. Na tambaye ta sunan direban, ta faɗa yadda bakinta ya iya, na rubuta yadda na ji. Saurayin nan marar takalmi ta ce ta manta shi, sai na bar masa fili. Wurin sunan jirgin na rubuta kogi, na tsaya.

Ta ce, "Wane kogi?"

Na ce, "Ai Malam ya tare shi da kafaɗa."

Ta ce, "Haka yake, ba ya matsawa. Mayar mini da abina, Maigida, kuma ka rataye shi daidai, jiya a karkace ka bar shi."